Jatau Mai Haɗiya

A can wani ƙauye, a zamanin da, an yi wani ƙato mai suna Jatau wanda ba ya tauna abinci. Da an ajiye akushi, sai ya kai loma ya haɗiye, ya kai loma ya haɗiye, don kada ƙannensa su riga shi.

"Tauna ai aikin awaki ne," in ji shi.

Ana gobe gayyar da za a zaɓi sarkin noma, aka yanka sa. Jatau ya tasa nama a gaba, ya kai tsoka ya haɗiye, ya kai tsoka ya haɗiye.

Da safe ya shiga gona yana cika baki. Bai gama kunya ɗaya ba cikinsa ya murɗa, ya zube yana nishi.

Gwaggonsa Tabawa ta taɓa cikin, ta ji shi tamau kamar ganga. Ta taɓe baki.

"Kai Jatau, tumbinka haƙora gare shi? Haƙora ke niƙawa, miyau ya jiƙa, tumbi ya dama, sannan hanji ya tsotsi amfanin ya ba jiki. Kai kuwa ka tura masa sa sukutum!"

"Gwaggo, mutuwa zan yi?"

"Ina fa! Zaryar bayan gari dai za ka sha."

Haka kuwa aka yi. Yana tsugune a bayan wata sabara ya jiyo makaɗa suna wasa sabon sarkin noma, ƙanensa Cindo.