Kukan da Ke Cikin Kacala

Ku rage fitilar nan, ba daga rijiya nake ɗebo kananzir ba. Ke Uwale, matso kusa. Labarin naki ne, kuma kin isa jin sa.

Ubanki Tanimu sana'arsa hoton tsuntsaye. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya ƙoshi da hoton dinya ba, kuma na faɗa masa. Amma mutanen birni suna so, yana riƙe gidansa da shi, sai na kama bakina. In damina ta sauka fadama ta cika, zai rataya kyamara ya shiga kwalekwale. Gauraka, zalɓe, kirinjijiya, har guza mai shan hantsi a kan kututture, duk bai bari ba.

Masu wannan aiki suna da wata dabara. Sukan ɗauki kukan ɗan tsuntsu a rakoda, su ɓuya, su kunna. Uwar ta ji, ta fito a ruɗe, su ɗauke ta hoto.

Na ce, "Tanimu, wannan rashin imani ne."

Ya ce, "Inna, ai ba taɓa ta nake yi ba."

Daminar da aka haife ki, ya ji wani kuka a cikin ciyawar kacala, can bayan Tafkin Marke, inda masunta ba sa jefa taru. Siriri ne, yana yankewa. Bai san tsuntsun ba, sai ya ɗauka a rakoda. Ya yi ta komawa, bai ƙara jin sa ba. Rannan da tsakar rana, shi kaɗai, ya kunna.

Kwaɗi suka yi tsit. Kacala ta dare biyu. Wata doguwar mata ta fito da majanyi ɗaure a ƙirji, bayanta babu kowa. Tana taka laka ba ta nutsewa. Ya dubi sawunta. Yatsu uku, dogaye, irin na zalɓe.

Ta ce, "Ina yake?"

"Wa, baiwar Allah?"

"Ɗana. Ruwa ya tafi da shi. Yanzu na ji shi a hannunka."

Ya ce mata murya ce kawai. Ba ta san wannan magana ba. Ta miƙo hannu, ya ba ta rakodar. Ta goya ta, ta shiga jijjigawa.

"Me yake ci?"

Ya ce zai riƙa kawo masa.

"Ka kawo. In ya yi shiru, na san gidanku. Ina jin kukan taku da asuba."

Ke take nufi. Lokacin ko zama ba ki fara ba.

Daga nan ubanki ya zama mai kai batir. Ya ajiye a bakin kacala, ya juyo bai waiwaya ba. Hoto ya tsaya. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ana haka zazzaɓi ya kayar da shi, bai san wanda ke kansa ba. Na bi masunta gida gida, babu mai zuwa bayan tafkin. Batirin da ke can kuwa yana ƙarewa.

Uwarki sai kuka. Na tura ta maƙwabta, na goya ki da kaina, na zauna a bakin ƙofa da taɓarya.

Da rana tsaka ta zo. Kaji suka shige ƙarƙashin rumbu. Ta yi sallama, muryar kamar daga cikin tulu.

Ta ce, "Ya yi shiru."

Na dubi fuskarta. Ni ma biyu cikin waɗanda na haifa na ga an fita da su a naɗe. Na san wannan fuskar. Na jingine taɓarya, na shimfiɗa mata tabarma.

"Zauna. Ɗanki ya rasu. Tun ranar da ruwa ya ɗauke shi ya rasu. Wannan na bayanki ƙarfe ne. Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne."

Ashe ba wanda ya taɓa yi mata gaisuwa. Ta zauna. Ta kwance majanyin, ta ajiye rakodar a ƙasa a hankali, kamar kada ta tashe ta. Mun daɗe a haka. Sannan idonta ya koma bayana.

"Ba ni ita in goya."

"A'a."

"Wuni ɗaya."

"Ko ƙiftawar ido."

"To ba ni kukanta. Ba zan iya komawa wurin nan shiru ba."

Na auna. Yaro yana rayuwa ba kuka. Kuka ba ya rayar da kowa. Na kai hannu na mintsine ki a cinya. Kika tsanyare. Ta tara tafin hannu, ta ƙulle abin a gefen zani yadda ake ƙulle goro. Na juyo da ke gaba. Baki a buɗe, hawaye na zuba, sauti babu.

Ta tafi. Ba ta ƙara dawowa ba.

Tanimu ya warke, ya koma noman shinkafa, bai sake taɓa kyamara ba har Allah ya karɓi abinsa. Ranar da aka fita da shi kina tsaye jikin bango, na ji mata suna cewa yarinyar nan da taurin zuciya take, ko uhum. Ban kula su ba. Da yamma wani masunci ya zo gaisuwa, ya ja ni gefe. Ya ce tun hantsi suke jin yarinya tana kuka a bayan tafki, tana kiran Baba.

Don haka ku buɗe kunne, har kai Ilu da kake yin kamar ka yi barci. Kada in ji wani ya bi hanyar Tafkin Marke shi kaɗai. In kun ji kuka a kacala, ku wuce abinku, yana da mai shi.

Ban yi nadama ba, Uwale. Ga ki nan, kina ci kina sha. Share fuskarki haka nan. Yanzu haka tana can tana lallashinki.