Kyanwar da Ba Ta Gudun Kowa

Ana gab da magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon gidan wani direba. Yana tsakar gida yana wanke baƙin mai daga hannunsa. Ya ɗaga kai, bai ga kowa ba. Na biyu ya biyo baya, sai na uku, sannan gidan ya yi tsit.

Kwana huɗu ke nan da rabuwarsu da Auduga, kyanwar da matarsa ta rasu ta bari. Kyanwa ce mai gashi buzu-buzu, ba dogo can ba, mai laushi, ga idanu shuɗaye. Ita dai Allah bai yi ta da zuciyar kyanwa ba. Ba ta san yaƙushi ba, ba ta san gudu ba. In ka ɗauke ta sai ta saki jiki a hannunka kamar tsumma, in ka ajiye ta ta bi ka ɗaki-ɗaki. Ko ɓarawo ne ya shigo, da ta raka shi har ƙofa. Tun rasuwar uwar, a jikin kyanwar Auta, 'yarsa ɗaya tilo, take barci.

Laifinta ɗaya. Kullum da magariba sai ta je ƙarƙashin matakala tana goga kanta a jikin abin da ba a gani, tana gurnanin jin daɗi. Tsoro ya kama direban. Ya saka ta a mota ya kai ta bayan gari, ya dawo ya ce wa Auta guduwa ta yi. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma shi a ranar furen kawai yake nema.

Da dutse na bakwai ya faɗo, sai ya ji an kira kyanwar daga ɗakin Auta, da muryar tsoho.

Ya tarar da yarinyar a durƙushe, idanunta sun kafe, tana shafa iska. Kwana biyu ba ci ba sha, tana ramewa a gabansa. A na uku ya ɗauko malamin ruƙiyya, wani dattijo marar yawan magana. Malam ya zauna kusa da kanta ya yi ta karatu har rana ta yi ja. Can jikin yarinyar ya ɗauki rawa.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Na riga su zama a gidan nan," muryar ta amsa a hankali. "Shekara sittin ina ƙarƙashin matakala, ban taɓa kowa ba."

"To me yarinya ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. Kare ya gan ni ya yi haushi, jariri ya gan ni ya tsala ihu. Kyanwar nan kaɗai ta zo ta kwanta a ƙafata. Ku dawo min da ita, in fita."

Malam ya juyo ya dubi direban. Aljani bai san gaibu ba, amma direban ya sani, don washegarin da ya yar da ita ya koma nema.

"Ba za ta dawo ba," ya ce. "A bakin titi na same ta. Ni na binne ta."

Ba ihu aka yi ba, ba a jefa ko tsakuwa ba. Hawaye ne kawai suka gangaro daga idanun yarinyar, har suka jiƙa matashin kai. Shi kansa Malam sai da ya sunkuyar da kai.

"Zan tafi," muryar ta ce daga baya. "Ba abin da ya rage min a nan. Amma yarinyar nan kullum tana ajiye wa kyanwar ruwa a bakin ƙofa. Ina so ubanta ya faɗa mata gaskiya da bakinsa."

"Na yi alkawari," in ji direban.

Auta ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido. Direban ya rungume ta, ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ya so ta yi kuka, ko ta dake shi, da ya fi masa sauƙi. Ita kuwa sai ta zare jikinta daga nasa a hankali.

"Baba, da ka ajiye ta, ta biyo ka?"

"Ta biyo ni."

"Har ina?"

"Har na daina ganinta a madubi."