Gwangwanin da Ke Bayan Littattafai

Ran Sufeton 'yan sanda a ɓace ya iso cibiyar binciken, don kafin ya zo an riga an ɗaure maigadi da igiya, an kumbura masa ido. Dattijo ne mai furfura, sai rantsuwa yake yi. Farfesa, shugaban wurin, shi ya nuna shi da yatsa, ya ce a kai shi kotu yau ɗin nan.

Abin da aka sace bai kai farcen babban yatsa ba. Dakta, 'yar ƙanwar Farfesa, ita ta ƙera shi, ita kuma ta yi bayani tana haɗiye kuka. Ɗan gilashi ne da ta shafa wa wani sinadari mai ƙananan ƙwayoyi, waɗanda ko gashi ya fi su kauri nesa ba kusa ba. Da shi kyamara za ta iya gani a cikin duhu. Gobe masu kamfani za su zo dubawa.

Sufeto ya ce a nuna masa ɗakin. Sai da aka sa masa hula da riga da ledar takalmi, yana tsaki, kafin aka bar shi ya shiga. An fasa taga kam. A tsakiyar ɗakin akwai wani akwatin gilashi mai dogayen safar hannu, nan gilashin yake zama.

"Me ya sa ake kulle shi a nan?"

"Iska ke kashe shi, Yallaɓai. Tana taɓa shi ya tashi aiki."

"To yanzu iskar ta shiga akwatin?"

Dakta ta duba mita, ta yi turus. Ko kaɗan ba ta shiga ba. Wanda ya ɗauke shi, ta ƙaramar ƙofar gefe ya fitar da shi, ya tsaya ya zuƙe iska yadda ake yi, sannan ya mayar da ƙofar ya ɗaure tamau. Aiki ne mai cin lokaci da haƙuri.

Sufeto ya sake duban tagar. Ɓarawon da ya fasa taga, shi ne zai tsaya yi wa akwati ladabi?

A bakin ƙofa akwai tabarma mai danƙo da ke kama ƙurar ƙafa. Hawa-hawa ce, ta saman sabuwa fil, an ɓare wadda aka taka. Sajen da ya rako Sufeto ya tono wadda aka ɓare a kwandon shara, babu sawun takalmi a kanta, sai na ledar nan da aka sa wa Sufeto.

Mutum uku ne suka iya akwatin. Injiniya yana kwance a asibiti tun makon jiya. Saura Dakta da kawunta.

Farfesa ya karɓe su a ofis yana hura hanci. Ya ce shi rabonsa da ɗakin nan ya manta, kuma ba zai zauna ɗan sanda yana yi masa tambayar raini ba. Sufeto ya sa Saje bincike. A bayan littattafai aka zaro wani gwangwanin ƙarfe naɗe da takardar azurfa. Farfesa ya ce ganyen shayi ne.

"Madalla, sai mu sha," in ji Sufeto. Ya kama murfin ya fara murɗawa.

"Kar ka buɗe!"

Farfesa ya miƙe har kujera ta faɗi.

Dakta, wadda ta biyo su ofishin, ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kawu, kai?"

Farfesa ya zube a kan tebur. Ya ce rayuwarsa kaf ya ƙarar yana neman wannan abu bai samu ba, sai ga yarinyar da ya koya wa riƙe kwalba ta same shi, gobe kuma sunanta za a kira yana zaune. Ya so ya farfasa shi, hannunsa ya ƙi.

Nan Sufeto ya fashe. Ya ce Farfesa ya ji tausayin ɗan gilashi, ya lulluɓe shi kamar jariri, amma tsoho mai iyali ya sa aka yi wa dukan kawo wuƙa, ko kunyar furfurarsa bai ji ba.

Ya miƙa wa Dakta gwangwanin a rufe, Saje ya buga wa Farfesa ankwa. A bakin get Sufeto ya tsayar da su, ya kwance igiyar maigadi da hannunsa.

"Baba, buɗe masa ƙofa ya wuce."

Tsohon ya buɗe, bai ko dubi Farfesa ba.