Wa Ya Ɗaga Hannu?

Da almuru Palmira ta ɗauki kwanon cuku, wai za ta kai wa ƙanwarta. Ƙarya take yi. Sawun mijinta Tarcisio za ta bi.

A kwarin nan kowa ya san ma'anar dusashewar fitila. Da can inji ɗaya da ruwan rafi ke juyawa ke ba gari da ɗan jirgin ƙasansu wutar lantarki, in jirgi ya kama hawan dutse sai fitilun gidaje su yi ja. Amma an rufe layin tun 'ya'yansu na ƙanana, aka kwashe dogo, aka naɗe wayar wutar da ke saman layin, bas ta gaji fasinjoji. Duk da haka kullum da almuru fitilar kicin ɗinta sai ta yi ja, nan take kuma Tarcisio, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana riƙe da birkin jirgin, zai zari kwat ya fice.

"Ina kuma za ka, tsoho?"

"Shan iska."

Shan iska a wannan sanyin! Gidan Ottavia bazawara kuwa yana bayan tsohuwar tasha, ita kuma Palmira ba yarinya ba ce. Abin ya daɗe yana cin ta a rai.

Tashar ba wata tasha ba ce, 'yar rumfa ce a bakin ramin da jirgi ke ratsa dutse ta cikinsa, irin wadda jirgi ba ya tsayawa sai an ɗaga masa hannu. Nan ta hango shi tsaye shi kaɗai, hannuwa cuse cikin aljihu, yana waige-waige. Jiran Ottavia yake yi ke nan, munafuki.

"Tarcisio!" Ta ɗaga hannu sama don ya gane ta da kyau. "Wannan ce iskar?"

Ya juyo. Ba ita ya kalla ba, hannun ya kalla.

"Sauke," ya ce ƙasa-ƙasa. "Palmira, sauke hannun nan."

"In sauke? Ina take? Ta fito mana mu gaisa!"

"Ba kowa, wallahi. Gadi nake yi. Kullum sai jirgin ya wuce, ni kuma in kori duk wanda ya tsaya nan. Ke kaɗai ce ban..."

Sai ta ji amon. Zuuu, siriri, a saman kanta, inda babu waya.

Ƙaurin wutar lantarki ya cika mata hanci, da warin giris. Tsakuwa ta fara rawa ƙarƙashin takalminta. Kukan rafi ya ɗauke.

Daga bakin ramin haske ya fito, ja-ja kamar na kicin ɗinta.

Birki ya yi ƙara. Jirgi ya tsaya.

Tagogin cike da mutane, duk sun sunkuyar da kai. Ta gane mayafin wata da aka binne tun Palmira tana amarya.

Ƙofa ta zuge. Ba kowa a bakinta, murya ce kawai.

"Wa ya ɗaga hannu?"

Ƙafafunta suka fara tafiya da kansu. Kwano ya faɗi. Ta kai bakin matakala, sanyin ciki na lasar fuskarta.

Aka fizgo ta baya, ta zube kan tsakuwa.

"Ni ne," in ji Tarcisio.

Ya zaro hannu daga aljihu, ya ɗaga, ya hau.

Mutanen gari sun ce ya gudu ƙetaren dutse da wata mace. Palmira ba ta musa ba, ai ita ta fara shuka zancen, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Yanzu in fitila ta yi ja, ita ke zarar kwat ɗinsa ta tafi gadi. Jirgin kan wuce a hankali. A tagar ƙarshe akwai mutum ɗaya da bai sunkuyar da kai ba. Duk ranar da hannunta ya fara fitowa daga aljihu, sai ya girgiza mata kai.