Ladiyon Layin Tsamiya

Ruwan la'asar ya ɗauke kenan, Khaulah tana kicin tana kaɗa miyar kuka, sai ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa da sauri-sauri. Surukarta Hajiya Hureira, wadda ta zo Kuala Lumpur ganin likitan gwiwa, tana falo ta miƙe ƙafa a kan dadduma tana jan carbi.

Felicia ce, maƙwabciyarsu 'yar Jos da ke karatu a nan unguwar Setapak. Ta rusuna ta gaida Hajiya, sannan ta faɗa kicin da waya a hannu.

"Anti Khaulah, kin ga abin da ke trending? Za a dawo da Layin Tsamiya fa. New season! Kuma kowa ke yake nema."

Khaulah ta rage wutar gas, ta karɓi wayar.

Layin Tsamiya wasan kwaikwayo ne na iyali da aka riƙa nunawa a talabijin duk Juma'a, tun tana 'yar sakandare a Kaduna. Labarin wani tela ne, Baba Sallau, mai yawan faɗa da saurin hucewa. Mahaifinta na cikinsa, Malam Yusha'u, shi ne yake fitowa a Baba Sallau. Ita kuma ita ce Ladiyo, 'yar autarsa mai tsiwa, wadda kullum suke cacar baki da Ɗan'azumi, yaron gidan da ke kallon nasu. Da Malam Yusha'u ya rasu aka daina wasan. Khaulah ta koma karatunta, ta yi aure, ta biyo mijinta Mus'ab da ya sami aikin koyarwa a wata jami'a a Malesiya.

Yanzu ga fuskar babanta a wayar Felicia, da tabaransa a kan hanci, da tef a wuya. A ƙarƙashin hoton mutane sai zuba suke yi. Wani ya ce, "Wannan kiɗan buɗe shirin ya mayar da ni gidanmu na Tudun Wada." Wata ta ce, "Idan babu Ladiyo ni ba zan kalla ba." Wani kuma ya ce kada a kuskura a ɓata musu wasan da fitilu masu walƙiya da manyan motoci, a bar musu shagon tela da bencinsa.

Khaulah ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. Har ƙamshin man keken ɗinkin nan sai da ta ji a hancinta.

Da Mus'ab ya dawo ta nuna masa. Shi ma dariya ya yi, domin a zamaninsu na jami'a da dariyarta ya gane ta a layin karɓar abinci, tun kafin ya san sunanta.

"To, tauraruwa, Allah ya sa kada ki manta da mu," ya faɗa yana zolayarta.

Ba a daɗe ba abin ya sauya. Wata ranar Asabar sun fita cin gurasar roti a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan gidansu, wani ɗalibi ɗan Najeriya ya ɗauke ta hoto ba ta sani ba, ya watsa ya rubuta, "An ga Ladiyo a Malesiya." Kafin wayewar gari hoton ya zaga ko'ina. Masu murna na yi, masu cewa ta yi ƙiba na yi. Sai wasu suka fara haɗa tsofaffin hotunanta da na wanda ya fito a Ɗan'azumi, suka sa musu kayan ango da amarya, suka ɗora kiɗan biki. Suka ce tun suna yara suke jiran auren Ladiyo da Ɗan'azumi, kuma wai wani lakcara ne ya ƙwace musu ita ya kulle a ƙasar waje.

Tun daga ranar Mus'ab ya daina zolaya. Yakan zauna da waya yana karanta maganganun mutane ɗaya bayan ɗaya, abincinsa na hucewa a gabansa.

"Abban Afnan, ka ajiye wayar nan don Allah," in ji Khaulah. "Mutanen nan ba su san ni ba, ba su san ka ba."

"Ɗalibaina sun sani ai. Yau wani ya tare ni a bakin aji yana tambayata wai da gaske ni ne mijin Ladiyo."

Sannan aka kira daga Kano. Yaya Abdulgani ne, babban wan Mus'ab, wanda ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu. Ya ce a saka shi a sifika Hajiya ta ji.

"Mus'ab, a masallaci aka nuna min matarka sanye da lifayar amare kusa da wani ƙato. Tun farko na ce gidan 'yan wasa ba wurin neman aurenmu ba ne, aka ce ai abin ya wuce. Ga shi nan ya dawo. Ka sako ta a jirgi ta zo gida ta zauna, sai mun ga abin da ya kamata."

Khaulah tana tsaye a bakin kicin, tana jin komai. Ta dubi Hajiya, Hajiya ta kawar da kai.

Mus'ab ya matso da wayar kusa. Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ba ita ta haɗa hoton ba, kuma ba ta yi min laifin komai ba. Ba zan iya turo ta ba."

"Ni kake faɗa wa haka?"

"Ka gafarce ni, Yaya. Amma na yi maka alkawari babu ruwanta da wasan nan har abada."

Bayan an kashe waya ya same ta a ɗaki. Bai iya haɗa ido da ita ba. Ya ce ta rufe shafukanta, kada ta amsa kiran kowa a kan maganar, kuma kada a ƙara kunna Layin Tsamiya a gidan, sabo ko tsoho.

"Har tsohon?" in ji ta. "Abban Afnan, a nan kaɗai nake jin muryar Baba."

"Na sani. Ki taimake ni, Khaulah. Uwata tana cikin gidan nan, wana yana fushi da ni."

Ta share fuska da bakin mayafinta, ta ce, "To."

Washegari Malam Yahuza ya kira, tsohon mai shirya wasan kuma aminin babanta. Ya ce ba dawowa yake so ta yi ba, fitowa ɗaya kawai, a kashin farko, inda za a tuna da Malam Yusha'u.

"Kawu, ka yafe min," ta ce. "Maigidana bai amince ba."

Ta ajiye wayar ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kada a ji kukanta.

Makonni suka shuɗe a haka. Hajiya ba ta zagi ba ta tsawa, amma ta ɗauke mata fuska, gaisuwa ma da ƙyar take amsawa. Khaulah ba ta fasa komai ba. Ita ke kiran mota ta kai ta gashin gwiwa, ita ke tsayawa ta fassara mata maganar likita, ita ke dumama ruwa ta gasa mata ƙafa da tawul. Da ta lura abincin gari ya gundure ta, sai ta hau jirgin ƙasa har Brickfields ta nemo gero a shagunan Indiyawa, ta dama mata kunu. Hajiya ta shanye tas, ta miƙo kofin ta kawar da kai.

Rannan aka gayyace su suna a gidan wani ɗalibi ɗan Zariya. Matan Hausawan Setapak sun cika falon, ana ta raba waina da zoɓo, yara na guje-guje suna ihu da Turanci da Malayanci. Khaulah ta zaunar da Hajiya a kujera mai laushi, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

Wata amarya sabuwar zuwa ta hango ta, ta taso da waya a ɗage.

"Wayyo, Ladiyo! Don Allah Anti ki ɗan yi mana murguɗa bakin nan, one minute kawai. Ni fa team Ɗan'azumi ce. Gaskiya mijinki ya cuce mu, ya sakar mana ke kawai."

Matan suka juyo suna kallon Hajiya. Kowa ya san wadda ke zaune a kan kujerar.

Khaulah ta sa hannu a hankali ta sauke wayar yarinyar.

"Ƙanwata, na gode da son da kike wa wasan. Babana ya sha wahala a kansa, zai ji daɗi. Amma Ladiyo yarinya ce da aka rubuta a takarda. Ni sunana Khaulah, ina da miji, kuma babu wanda ya kulle ni. Da ƙafata na biyo shi, in da za a sake ma shi zan biyo. Wanda kuke haɗa ni da shi yana da mata da 'ya'ya. Kin taɓa tunanin yadda matarsa take ji idan ta ga hoton nan? Ga mahaifiyar mijina a zaune. Ki gaishe ta."

Yarinyar ta durƙusa cikin kunya ta gaida Hajiya.

Don a sauya zance, wata dattijuwa, Maman Rayyan, ta ce ita ba Ladiyo ce ta dame ta ba, Baba Sallau take kewa. Nan fa hira ta ɓarke. Wannan ta tuna ranar da ya ɗinka wa mai unguwa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, waccan ta tuna yadda suke cin tuwo a gurguje don kada a fara ba su. Felicia, wadda ta rako su, ta ce a unguwarsu a Jos gidansu kaɗai ke da janareta, duk Juma'a Musulmi da Kirista suke cika musu tsakar gida, babanta yana korar yara daga gaban talabijin. Kafin Khaulah ta hana, wata ta kunna tsohon kashi a waya, muryar Malam Yusha'u ta cika falon yana yi wa mai kawo ɗinki faɗa.

Khaulah ta miƙe za ta fita, saboda alkawarin da ta ɗauka. Sai ta ji an riƙe mata gefen zane.

"Zauna," in ji Hajiya. Idonta na kan wayar.

Suka koma gida. Sai da suka idar da magariba Hajiya ta kira Khaulah da Mus'ab, ta ce su zauna.

"Alhaji babanku, Allah ya ji ƙansa, ba ya kallon komai sai labarai da wasan nan," ta fara faɗa tana kallon Mus'ab. "Kai kana ƙarami, kana makarantar kwana. Da kansa yake fito da talabijin tsakar gida. In Baba Sallau ya fara faɗa, sai ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce min, Hure, wannan mutumin halina ya sata. Yau da na ji muryar nan, wallahi sai na ga Alhaji a kan tabarmarsa."

Ta goge ido, ta juya ga Khaulah.

"Na ga hoton banza na hau fushi da ke, alhali ba ke kika yi ba. Na sa ido in ga ranar da za ki gaji ki nuna min hali, ban gani ba. Yau kuma na ji da kunnena abin da kika faɗa a gaban mutane. Ki yafe min, 'yata. Mun hana marainiya jin muryar ubanta."

Khaulah ta kifa kai a gwiwar Hajiya tana kuka. Mus'ab ya sunkuyar da kai.

"Ni ne babban mai laifi, Hajiya. Kishi ne ya rufe min ido, na fake da Yaya. Khaulah, ki yafe min."

"Ban taɓa riƙe ka ba," ta ce.

Da safe Hajiya ta kira Kano da kanta. "Babba," ta ce, don ba ta faɗin sunan ɗan farinta, "maganar yarinyar nan ta mutu daga yau. Ni na zauna da ita, kai hoto ka gani." Yaya Abdulgani ya so ya yi musu, ta ce ta gama magana. Bai huce a ranar ba, amma bai ƙara tayar da zancen ba.

Khaulah ba ta koma wasa ba, ita ma ba ta so. Abin da ta yi shi ne ɗan gajeren saƙo da Felicia ta ɗauka a falonsu, Mus'ab na zaune a gefenta. Ta yi wa babanta addu'a, ta gode wa masoya, ta roƙe su su daina haɗa hotunan da ke ɓata gidajen mutane. Da yawa suka ba da haƙuri suka goge nasu. Wasu ba su daina ba, amma Mus'ab ya daina karantawa.

Ranar da aka saki kashin farko, Mus'ab ya je unguwar Kampung Baru ya sayo musu shinkafa da gasasshiyar kaza a ƙunshe, ya ce yau babu mai shiga kicin. Felicia ta shigo, ƙaramar 'yarsu Afnan ta haye cinyar kakarta. An sabunta kiɗan, shagon ya yi fenti, wani sabon ɗan wasa ya gaji keken ɗinkin a matsayin ƙanin Baba Sallau. Hajiya ta kalle shi na ɗan lokaci ta taɓe baki.

"Wannan faɗan nasa bai kai zuci ba. Shi Malam in ya yi tsawa, kana ganin tausayi a idonsa."

A ƙarshe aka nuna hoton Malam Yusha'u, sannan saƙon Khaulah. Afnan ta nuna allon da yatsa, ta tambaya da Turanci wane ne tsohon mai tabarau.

"Da Hausa za ki tambaya," in ji Hajiya, tana gyara mata zama. "Kakanki ne. Mus'ab, nemo mana na da, daga farko, yarinyar nan ta san shi."

Haka Khaulah ta tsira da aurenta da mutuncinta, ba don ta fi kowa baki ba, sai don ta yi haƙuri a lokacin da take da hujjar yin fushi. Masu kallo kuma su riƙa tunawa, wanda suke so a allo mutum ne mai gida da dangi, kuma abin da suka rubuta suna dariya yana iya sa wata kuka a ɗakinta.