Shanun Laka a Tashar Abarshi

Da safiyar Talata aka tarar an yi sata a tashar Abarshi.

Abarshi ya yi dako a tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Da ya dawo Gure ya ƙera ƙaramar irinta da gwangwani da laka, ya ajiye a lakwal, makarantar bokon gari: layin dogo, siton gyaɗa, majema, rumfar ƙaro, da shingen shanu masu jiran lodi zuwa kudu. Ya ce haka Gure za ta zama ran da jirgi ya zo. Shekarar fari ce, 1974. Kwamandan gari ya ce a kulle ɓarawon.

Jandarma Umara ya duƙa ya duba. Kan jirgi na nan. Jajayen shanu kawai aka kwashe, aka bar farare.

Ya fara da Kellu mai shara.

"Inna Kellu, ke ce da makulli."

"Ƙofar da ba ta rufuwa? Ɗana, in zan yi sata, gero zan sata."

Sai Ila mai kanti, wanda ya taɓa taya tashar.

"Ni ƙarfen nake so. Laka ta cika Gure."

Umara ya koma ga shingen. Ɓarawo ta sama zai tsame su. Wannan kuwa ya zare sandunan ƙofa, sirara kamar tsinke, ya jera su gefe, yadda makiyayi ke buɗe wa garke.

"Abarshi, jajayen nan, na wa ka kwaikwaya?"

Abarshi ya ce, "Na Hammajoda makiyayi. Kafin fari, a bakin rijiya."

Umara ya sami Hammajoda bayan gari, ƙarƙashin busasshiyar aduwa. Shanun na jere a rairayi, yana kiran kowace da sunanta.

"Baffa, ka san abin da ya kawo ni."

"Na sani. Na gaske sun mutu a hanyar Kelle, ina kallo. Waɗannan kuma na gan su bakin jirgi, mahauta za a kai su. Ban iya wucewa ba."

Umara ya daɗe a tsaye yana neman inda laifin yake. Bai samu ba, amma umarni na nan. Ya tasa tsohon gaba.

Da la'asar Abarshi ya mayar da shanun cikin shinge, ya zura sandunan ƙofa. Suna nan suna jiran jirgi.