Gaisuwar da Ta Ci Kawu Tanko

Kawu Tanko na ɗora babban yatsansa, baƙin allon ya farka da koren rubutu: "Ina kwana, Malam Tanko? Yaya ƙarfin jiki?"

Haka kowane ƙaramin ma'aikaci ke buɗe na'urarsa a matatar ruwan Sabuwar Dutse, can ƙarƙashin ƙasa inda tururin sinadari ke cin huhu a hankali. Injiniya Lantana, 'yar ƙanwar Kawu, ita ta ƙirƙiro gaisuwar, ta sa mata suna Mai-Sannu. Dabarar ba wuya: duk wanda ya amsa cewa ba ya jin daɗi, na'ura za ta hana shi sauka rami, ta kira masa likita. Ganin haka hukuma ta sallami ma'aikatan jinyar da ke zagaya ramuka, ta rataya wa Lantana lambar yabo.

To amma don Allah, ina aka taɓa gaida dattijo da sassafe ya fara da ƙorafi? Kawu sai ya gyara zaman hula, ya ce lafiya lau, alhamdulillahi, har ya tambayi na'urar mutanen gida. Sannan ya kau da kai ya yi tari a hannun riga. Haka sauran ma. Rahoto kullum fes, Lantana kuwa baki har kunne.

Ranar da Kawu ya yanke jiki ya faɗi a gindin famfo, likita ya ja Lantana gefe ya gaya mata huhun ya riga ya ƙare. Da bara aka gano, in ji shi, da an yi wani abu.

Ta shiga ɗakin da aka kwantar da shi ranta a dagule, haushi da tausayi sun haɗe mata. Cikin kuka ta tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗa wa na'urar gaskiya ba.

Ya janye robar iska daga hancinsa da ƙyar. "Abu ya gaishe ni da mutunci, sai in tare shi da kuka? Kuma aikinki ne, Lantana. Ana yabon ki, ni zan fara ɓata miki lissafi?"

Ta durƙusa bakin gado ta riƙe hannunsa, bakinta ya yi abin da ya saba, ta ce, "Kawu, yaya jikin?"

"Da sauƙi, 'yar nan."

Ta san ba sauƙi. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta mayar masa da robar.